Fuskar Widad a Cikin Waya

A unguwarmu ta bayan tashar motoci a garin Zarƙa, babu mai sayar da tukunyar gas da bai san ƙofar Abu Nizar ba, kuma babu wanda yake marmarin tsayawa a wurin. Sauran mutane in sun ji kiɗan motar gas sai su leƙo ta taga su ɗaga yatsa, a hau musu da sabuwa a sauko da tsohuwa, shi ke nan. Shi kuwa sai ya sauko da kansa cikin silifas, ya ɗaga wannan ya jijjiga, ya ƙwanƙwasa waccan da makulli ya kara kunne, sannan ya zaɓi wadda direba bai nuna masa ba. Direban ya taɓa ce masa, "Baffa, wallahi ba ni nake ɗura su ba." Ya ce, "Na sani. Shi ya sa ban tambaye ka ba."

Sunansa na yanka Subhi, amma tun da aka haifi ɗansa na fari, Nizar, ya zama Abu Nizar, babu mai kiransa Subhi sai matarsa. Aikin da ya ci ƙuruciyarsa gadin ƙofa ne a wata masaƙar barguna da ke hanyar fita gari. Shi ne mai tsayawa da yamma yana laluben jakunkunan ma'aikata in an tashi. Ya kama mai ɓoye zare a ƙarƙashin shinkafa cikin kwanon abinci, ya kama wanda ya naɗe yadi a cikinsa ya ce tumbi ne. Tun yana yi don aiki har abin ya bi jikinsa. Masaƙar ta rufe, an sallami kowa, amma Abu Nizar ya taho gida da idon nan nasa. In kaka ta yi aka kai zaitun wurin matsa, kowa yakan zauna kusa da buhunansa yana hira, wannan ba sabon abu ba ne. Shi ban da zama. A bakin bututun da man yake fitowa yake kafewa, da garwar da ya wanke da hannunsa, har sai an ɗiga ɗigon ƙarshe.

Mutum ɗaya ce take iya yi masa dariya ya ƙyale, matarsa Widad. Takan ce, "Subhi, kai ko likkafaninka sai ka tashi ka auna, ka ga ko an rage maka kamu ɗaya." Sai ya ɗaure fuska, ita kuma ta ƙara ƙyalƙyalewa. Mace ce mai fara'a, ta zauna da shi shekaru aru-aru ba ta koyi halinsa ba, shi ma bai koyi nata ba.

Abu ɗaya ya hana ta wanda ba ta taɓa cin nasara a kansa ba, shi ne hoto. A ganinsa duk mai ɗaukar hoto yana da aljihun tebur da yake ajiye na biyu. Da wayoyi suka zo kuwa sai abin ya ƙara ƙamari. Ranar salla in jikoki suka ɗaga waya, Widad da kanta take jan gefen mayafi ta rufe fuska tana dariya, tana cewa, "Ku rufa mini asiri, kada mai gadi ya kama mu." Kowa ya ɗauki abin wasa. Sai da ta kwanta ciwo cikin hunturun bara, kwana kaɗan Allah ya karɓi abarsa, sannan aka duba gidan kaf aka ga babu hotonta ko ɗaya sai na katin shaida. Shi ma haske ya wanke shi, ta tsuke baki kamar wadda aka yi wa faɗa.

Watanni suka shuɗe, Abu Nizar ya lura da wani abu da ya tsorata shi fiye da duk ɓarayin da ya taɓa kamawa. In ya rufe ido yana neman fuskarta, ta katin ce take zuwa, ko kuma ta gadon asibiti. Muryarta tana nan, maganganunta suna nan, amma fuskar da take dariyar ta ƙi zuwa. Bai gaya wa kowa ba. Kewarta yake ji sosai, kuma ya san da hannunsa a cikin wannan rashi.

Wuri ɗaya ya rage inda Widad take dariya. A saman kabad, cikin gwangwanin alewa, naɗe a rigar matashin kai, akwai kaset ɗin bidiyon bikinsu. Mace ce ta ɗauke shi a zauren mata, inda babu namiji. Sau ɗaya ya taɓa sa shi, a shekarar farko. Da ya ga matan yayyensa da ƙannen Widad kai ba ɗankwali suna rawa, sai ya kashe injin ya kulle kaset. Widad ta roƙa ta gaji. Daga baya injin ma ya lalace, aka ba yara suka yi wasa da shi.

'Yarsa Siham, wadda take aikin jinya a garin Irbid, ita ta kawo maganar Fawwaz. Ta ce, "Baba, akwai wani a kasuwar kayan lantarki yana juya tsofaffin kaset ya mai da su na waya. Ƙawata ta kai na iyayenta. An ce mutumin kirki ne."

Ya ce, "Wa ya ce?"

"Kowa."

"Kowa ai ba suna ba ne."

Duk da haka ya je. Bai shiga ba. Ya samu benci a wurin mai shayin da ke kallon shagon, ya yi kwanaki yana zuwa yana lura da masu shiga da masu fita. Shagon ɗan ƙuƙut ne a ƙarƙashin matakala, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da rimot. Fawwaz ba yaro ba ne, gemunsa ya fara furfura, tabarau na rataye a wuyansa da igiya. Abu Nizar ya tambayi mai shayi, ya tambayi mai rimot, duk suka yabe shi. Wannan yabon da ya zo baki ɗaya bai kwanta masa ba ko kaɗan. Amma da ya koma gida ya rufe ido, fuskar katin ta sake zuwa. Washegari da safe ya sauko da gwangwanin ya rungume shi a ƙarƙashin kwat.

"Salamu alaikum. Kai ne mai juya kaset?"

"Wa alaikumus salam, Baffa, ni ne. Ai na ɗauka yau ma a wurin mai shayi za ka tsaya. Ka kalle ni har na fara gyara zama."

Abu Nizar bai yi dariya ba. Ya ce, "Kayan da na kawo na mata ne."

"Rabin abin da yake shigowa nan na mata ne. Ga kujera can, ta masu gadi ce. Ga ƙyalle a ƙusa, da shi nake rufe allon. Mai kaya ya zauna, ni in yi aiki ban ga komai ba."

Abu Nizar ya cire ƙyallen ya ɗaga shi saitin ƙwan lantarki. Haske ya ɗan ratso. Ya mayar da shi ƙusa, ya warware rawaninsa mai ja da fari, ya ninka shi, ya lulluɓe allon kwamfutar da kansa. Fawwaz ya bi shi da kallo. Ya karɓi kaset ɗin ya leƙa ta 'yar tagar gilashinsa, ya girgiza kai.

"Ya yi funfuna. Ka ga farin nan? Sai na buɗe na share zaren a hankali, in ba haka ba injin zai tauna shi."

"A gabana."

"Da ma ina zan kai shi, Baffa? Shagon gaba ɗaya bai kai tabarma biyu ba."

Ya share, ya mayar, ya zura shi a wani tsohon inji. Ya yi bayani cewa kaset ba a yi masa gaggawa, yadda bikin ya daɗe haka za su daɗe. Injin zai karanta daga farko har ƙarshe, wata 'yar na'ura ta karɓa ta miƙa wa kwamfuta, kwamfuta ta rubuta shi da irin rubutun da take ganewa. Abu Nizar yana ji, amma idonsa na kan igiyoyi.

"Wannan ina ta nufa?"

"Wuta."

"Waccan shuɗiyar fa?"

"Intanet."

"Cire ta. Wayarka kuma kawo nan." Ya karɓa ya jefa cikin gwangwanin alewa ya rufe. "Sautin ma kashe. Muryar matan mutane ce."

Fawwaz ya yi duk abin da aka ce. Sannan ya ce, "Saura abu ɗaya. Tsohon kaset yakan yi rawa, layuka su riƙa gilmawa a hoton. Dole ido ya gani kafin a daidaita. Zan kai shi tsakiya, kai ka leƙa, ni in juya baya ina dannawa, ka gaya mini in ya tsaya."

"Cire tabarau tukuna. Fuskanci bango."

Ya cire, ya fuskanci bango, hannunsa a baya kan injin. Abu Nizar ya cusa kai ƙarƙashin rawanin. Da farko fararen layuka ne suke ta gudu. Ya ce bai yi ba. Ya sake cewa bai yi ba. Can sai layukan suka sauka ƙasa suka ɓace, sai ga Widad ta cika allon. Tana tsaye cikin farar riga, wata ta raɗa mata magana a kunne, ta juyo ta fashe da dariya. Ga wushiryar, ga tawadar Allah a ƙasan ido, ga yadda take ɗaga kafaɗa ɗaya in dariya ta ci ƙarfinta. Tar da ita, kamar ya miƙa hannu.

"Ya yi?"

Abu Nizar ya ƙara matsar da fuskarsa kusa da allon.

"Baffa, ya yi?"

"Ya yi," in ji shi, da wata murya da shi kansa bai gane ba. A daidai nan ya tuna akwai kabad ɗin gilashi a bayansa, gilashi kuwa yana ɗaukar inuwa. Ya yi maza ya fitar da kai ya ja rawanin. Ya ce a ransa, a gida zan kalla, ni kaɗai, a natse, babu mai leƙe.

Aka mayar da kaset farko, aka fara. Suka zauna, allo a rufe, injin yana 'yar ƙara. Fawwaz ya aika aka kawo shayi, Abu Nizar ya ƙi sha, don ya san shayi yana kai mutum bayan gida, kuma ya san ba banza aka kawo shi ba. Da aka kira azahar Fawwaz ya ce su je masallaci su dawo, injin ba ya buƙatar kowa. Abu Nizar ya ce a nan za su yi, da alwalarsa ya fito. Ya shimfiɗa kwali, ya tura Fawwaz gaba ya ce shi zai ja su. Fawwaz ya ce, "Haba Baffa, kai ne babba." Ya ce, "Wuce dai." Ba girmamawa ba ce. So yake mutumin ya kasance a gabansa.

Da la'asar ta gabato injin ya yi ƙwas ya tsaya. Fawwaz ya ɗaga gefen rawanin ta inda babu hoto, ya duba, ya ce, "Alhamdu lillahi, ya sauka lafiya. Yanzu babban fayil ne, duk abin da ke cikin kaset yana ciki. Shawarata, in zuba maka babban a filashi ka adana, in yi maka ƙarami na waya, kaset ɗin ma ka mayar inda yake."

"Uku ke nan."

"Uku."

"Na kawo maka abu ɗaya da nake tsaronsa da ƙyar, za ka mai da mini shi uku?" Ya ɗaga kai ya ga filashi jere a rataye a bango cikin ledojinsu. Ya ce a ransa, yauwa, ga inda aka dosa. Abu kamar ɗan yatsa, ya faɗi daga aljihu a motar haya, wani ɗan iska ya tsinta ya sa a talabijin. Ya zaro wayarsa daga aljihun ƙirji ya ajiye a tebur. "A nan nake so. Nan kaɗai. Tana da lambar sirri, kuma ba ta rabuwa da jikina."

Fawwaz ya mayar da tabarau ya duba wayar, tsohuwa, cike da karatun Alƙur'ani da saƙonnin barka da Juma'a. Ya ce, "Wurin da ya rage a nan ɗan kaɗan ne. Kafin bikin nan ya shiga sai na matse shi ba da wasa ba."

"To matse."

"Tsaya ka ji. Bidiyo hotuna ne bi da bi, masu yawa cikin ƙiftawar ido. In za a rage masa nauyi, kwamfuta takan duba abin da bai canja ba daga hoto zuwa hoto, bango, labule, kujera, ta ce wannan ba sai na maimaita ba. Wannan babu asara sosai. Amma in aka ce ta ƙara matsewa, sai ta fara zubar da abin da take ganin ido ba zai lura ba. Inda mutane suke zaune, da sauƙi. Inda ake motsi, ana rawa, ana juyi, nan take yin ɓarna. Biki kuwa duk motsi ne."

"Ta zubar ina?"

"Babu ina. Ɓacewa yake yi."

Abu Nizar ya yi wani ɗan murmushi, irin na wanda ya ga ƙarshen zare yana leƙowa daga jaka. Ya ce, "Malam, ni aikin ƙofa na yi. Babu abin da yake ɓacewa haka kawai. Duk abin da aka ce ya ɓace, a jakar wani yake."

"Baffa, kana kai zaitun matsa?"

"Kowace shekara."

"In an matse, ka taɓa ganin an haɗa man da tunkuzar sun koma zaitun? To haka wannan yake. Daga babba ana yin ƙarami duk lokacin da aka so. Daga ƙarami ba a komawa babba. Kada ka sayi filashina. Je ka sayo a wani shago, ko ka aro na ɗanka. Amma kada ka bar nan da ƙaramin kaɗai."

Ni dai a ganina ko ɗan cikinsa iyakar abin da zai faɗa masa ke nan. Amma Abu Nizar ya daɗe da sanin cewa duk wanda ya nace a kan abu yana da riba a ciki, kuma mai cewa kada ka saya a wurina ya fi kowa iya talla. Ya naɗe hannu a ƙirji. Fawwaz ya yi ajiyar zuciya ya matse. Aka ɗan jira, aka tura a wayar.

"Yanzu goge babban."

"Ka bari ko zuwa jibi, ka je ka kalla tukuna, in ya yi maka..."

"Zuwa jibi! Ya kwana a wurinka? Goge ina gani."

Fawwaz ya goge. Ya buɗe kwandon sharar kwamfutar ya zubar. Abu Nizar ya ce ya ji ana cewa abin da aka goge ana iya tono shi. Fawwaz ya ce gaskiya ne, sai fa in an bi ta kan wurin an rubuta wani abu. Ya ce to a bi ta kai. Aka bi, yana tsaye yana kallon wani koren layi yana tafiya har ya kai ƙarshe. Duk wannan bai ishe shi ba. Ya hango ƙaramin Alƙur'ani a kan kanta, ya nuna shi da haɓa.

"Da alwalarka. Dafa ka rantse babu saura a ko'ina."

Nan fa fuskar Fawwaz ta canja. Ya ce, "Mahaifina ya ɗauki bidiyon bukukuwan rabin garin nan, babu wanda ya taɓa sa shi rantsuwa." Sannan ya dafa ya rantse. Ya buɗe gwangwanin ya ɗauki wayarsa, ya saka kaset ɗin a ciki ya miƙa. Bai ce a sauka lafiya ba.

A gida Abu Nizar ya kulle ƙofa ya kunna. Sunayensu suka fito cikin furanni, rangaɗau. Ga jerin motoci, ga ƙofar zaure. Ya ja gaba ya ga farar riga tana juyi, fuskar ba ta wuce ƙwayar wake ba. Ya kusanto da wayar, ya nisanta, ya ɗora laifin a kan idonsa da ƙanƙantar allon. Siham za ta zo Juma'a, ita ta san yadda ake haɗa waya da talabijin. Yana cikin haka sai ga motar masu sayen tsofaffin kaya tana wucewa da lasifika. Ya tuna da maƙwabcinsu da ya rasu, 'ya'yansa suka kwashe ɗakinsa kaf suka loda wa irin wannan mota, har da akwatunan da ba su buɗe ba. Ya dubi gwangwanin. Yau yana raye, gobe fa? Ya hau soro da tsohuwar garwar man zaitun, ya fasa kaset ɗin, ya zaro zaren ya tara a ciki, ya ɗiga kananzir ya ƙyasta ashana. Hayaƙin baƙi ne mai wari, har matar gidan kusa ta fito tana mita tana kwashe shanyarta. Ya sauko yana jin ya sauke nauyi.

Ranar Juma'a Siham ta zo ta dafa masa maƙluba, shinkafa da kaza da gauta, irin yadda uwarta take kifewa a tire. Bayan an ci ta tura mijinta da yara gidan Nizar. Aka saki labule. Ta haɗa wayar da talabijin, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa tana murna kamar ƙaramar yarinya, don ba ta taɓa ganin uwarta da ƙuruciya ba.

Furannin suka fito da kyau. Zauren ma ya fito, da kujeru da labule. Guɗar mata ta cika ɗakin. Sai aka fara rawa, hoton ya dagule. Duk wadda ta motsa sai ta farfashe ta zama 'yan murabba'ai masu launi suna rarrafe a kan juna. Mai farar rigar tana nesa, fuskarta sumul babu ido babu baki. Abu Nizar ya ce a ja gaba, akwai inda aka matso kusa. Aka ja. Ya gane wurin, ga wadda ta sunkuyo tana raɗa. Mai farar rigar ta juyo, fuskar ta watse dabbare-dabbare, ja da fari da ruwan ƙasa. Babu wushirya, babu tawadar Allah. Dariyar kaɗai ake ji.

Siham ta ce, "Baba, wannan ce Mama?"

Ya ƙara matsowa kusa da talabijin ɗin.

"An matse shi da yawa ne. Ba komai, kawo kaset ɗin gobe in mayar a sake." Ta juyo ta dube shi. "Baba? Ina kaset ɗin?"

"Na ƙona."

Ta daɗe tana kallonsa. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi masa sauƙi. Ta ce, "Tana da rai ka ɓoye mana ita. Ta mutu kuma ka ƙone." Ta tashi ta kwashe kwanuka, ya ji tana kuka a kicin tana sakin famfo don kada ya ji.

Ya zauna shi kaɗai. Can sai halin nasa ya motsa, kamar kullum. Mutumin nan ya cuce shi. Shi da idonsa ya ga hoton tar a shago. Ya riƙe mai kyau ya ba shi gurɓatacce, koren layin nan duk wasan yara ne, rantsuwa kuwa mutane nawa suka rantse masa a bakin ƙofa da zare a cikin kwano? Yana kaiwa nan a tunani sai ya ji wani abu da bai saba ji ba in ya zargi mutum. Daɗi ya ji. In Fawwaz maƙaryaci ne, to Widad tana nan.

Asabar da safe ya biya ya sayi kunafa mai zafi, kayan zaƙin nan na cuku, kwali guda, shi da bai taɓa kai wa kowa tsaraba ba. Fawwaz yana ganinsa ya ajiye abin da yake yi.

"Baffa, lafiya?"

"Lafiya lau, ɗana. Ga wannan ka taɓa." Ya ajiye kwalin, ya miƙa wayar. "Ka mai da mini shi babba."

"Zan iya zuba shi a babban kwano, ya yi nauyi ya cika filashi. Amma abin da ke ciki ba zai ƙaru ba, dishi-dishin ne zai ƙara girma. Kawo kaset ɗin mu sake, ba sai ka biya ba."

Abu Nizar ya gaya masa abin da ya faru da kaset. Fawwaz ya cire tabarau ya dafe goshi, ya yi salati a hankali.

Tsohon ya waiga ya tura ƙofar shagon, ya matso, ya rage murya. "Ji nan. Ni na san duniya. Na san kukan ajiye, kowa da sana'arsa. Wallahi ba zan yi fushi ba, ba zan gaya wa kowa ba, ko 'yata. Zunubin rantsuwar a wuyana. Ka fito da shi kawai."

"Babu, Baffa."

"Haba ɗana. Ko rabi. Ko wurin nan kaɗai da ta juyo."

"Da ina da shi, da ban bari ka roƙa ba. A gabanka na goge, kai ka sa na bi ta kai."

"Ƙarya kake!"

Fawwaz bai yi fushi ba. Ya jawo aljihunan teburin ya bar su a buɗe, ya ɗauko jakarsa ya ɗora a gabansa, ya ja gefe. Abu Nizar ya sa hannu. Hannun bai manta aikinsa ba, ya bi ɗinki, ya taɓa ƙasa, ya zazzage aljihun ciki, ya buɗe kwanon abinci ya tona. A da in yana wannan laluben addu'arsa kada a wuce shi da komai. Yau addu'arsa Allah ya sa mutumin nan ɓarawo ne. Ya samu gurasa, da zaitun a leda, da maganin hawan jini, da makullin gida.

Ya mayar da komai yadda yake, ya zuge jakar. Idonsa ya sauka kan kabad ɗin gilashin da ke bayan kujera. Ya nuna shi da yatsa.

"Ranar nan, da na leƙa. Gilashin nan yana ɗaukar inuwa. Ba ka ɗan waigo ba? Ko sau ɗaya? In ka gan ta, gaya mini yadda ka gan ta. Ba zan ce komai ba."

Fawwaz ya ce, "Ka sa na cire tabarau, Baffa, ka sa na fuskanci bango. Kai kaɗai ka gan ta."

Abu Nizar ya ja kujerar masu gadi ya zauna. Kunafar tana hucewa a kan tebur, babu wanda ya buɗe kwalin. Ya zuba wa allon ido, allon a kashe, ba a rufe shi da komai ba.